Ranar da Layi Ya Karkace

Hutu ɗaya aka ce Auta yake da shi, na mako biyu, kuma ni aka ɗora wa zaɓen ranar da za a nema masa shi. Auta ƙanena ne, soja, a lokacin yana Saliyo cikin waɗanda aka tura kwantar da yaƙin can. Innarmu kuwa tana gidanmu na Koki da ciwon hanta wanda likita ya riga ya ce ba ya warkewa. Wasiƙar Auta ta zo ne ta hannun wani abokin aikinsa da aka dawo da shi gida da karaya a ƙafa. A ciki Auta ya ce: "Yaya, in jikin Inna ya yi tsanani, ki karɓi takardar likita ki kai bariki, za su aiko mana da saƙo. Sau ɗaya ake ba mutum irin wannan hutun. Kada ki yi gaggawa, kada kuma ki makara." Na karanta ƙarshen nan ya fi sau ashirin. Da yana kusa da ya sha ranƙwashi, don ya faɗi abin da ya fi komai wuya kamar mai aiken a sayo masa ƙuli-ƙuli.

Shekarar ce soja suka sauka suka miƙa wa farar hula mulki, karo na biyu da na ga haka da idona. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓantarewa daga bangon lungunmu ba, ruwan farkon damina yana ta jiƙa su. Rediyo kullum sai ta ce sabuwar gwamnati za ta dawo da sojojinmu gida rukuni-rukuni, amma ba ta taɓa cewa ga rukunin da zai fara ba. Wannan maganar ta ƙara ruɗa ni. In na aika da wuri, Auta ya zo ya cinye hutunsa Inna tana nan daram, ya koma, sai abin ya tashi daga baya babu halin zuwa. In na jira kuma, wa ya san abin da zai tarar.

Ni malamar lissafi ce a firamare, ina aure a Ƙofar Na'isa. Shekarata goma sha takwas a lokacin ina riƙe da jan biro, kuma ban ɓoye ba, na ɗauki kaina mai wayo. A ganina duk abin da ke duniya in aka zauna aka auna shi zai ba da amsa. 'Yan'uwana suna ce mini Akawu, ba don yabo ba.

Ciwon Inna da ƙaiƙayi ya fara, shekara uku kafin nan. Ta yi susa da farce, ta yi da mataji, har totuwar masara take ajiyewa a ƙarƙashin matashi. Daga baya idonta ya koma ruwan ɗorawa, kowa ya ce shawara ce, aka yi ta kawo jiƙe-jiƙe daga kasuwar Kurmi tana sha tana yamutsa fuska. Sai da cikinta ya fara tasawa sannan ta yarda muka je asibiti. Likitan da muka samu mutum ne mai sanyin magana, ɗan cikin gari, da furfura kaɗan a gemunsa. Ya bayyana mini cewa a cikin hanta akwai wasu ƙananan hanyoyi da ruwan madaciya yake bi ya fita, su ne suke toshewa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kin ga yadda unguwa take yi in kwata ta toshe a Jakara, ruwan ya rasa mafita ya komo cikin gidaje? To haka ne."

Duk wata sai a ɗebi jininta. A bayan katinta likita yake ɗiga ɗigo da biro, kowane wata ɗigo ɗaya, gwargwadon yadda shawarar ta kai a jini. Ya ce ɗigo ɗaya ba ya gaya masa komai, abin da yake kallo shi ne yadda suke hawa, a kwance suke tafiya ko sun miƙe tsaye. Wannan na gane shi sarai, don irin aikin da nake ba 'yan aji shida ne. Tambayar Inna kuwa ba ta da amfani. Ko a sheme aka kawo ta, in ya ce mata yaya jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi.

Ranar da muka koma bayan zuwan wasiƙar, na ajiye kunya na tambaye shi kai tsaye, Inna tana waje a kan benci.

"Likita, saura nawa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Malama, wa'adi na Allah ne."

"Na sani, ni ma na yi makarantar allo. Ba ranar mutuwa nake tambayarka ba. Ranar da zan aika a kira ɗanta nake tambaya." Na miƙa masa wasiƙar.

Ya karanta, sannan ya juyo mini da bayan katin. Ya ce ɗigon nan nasa yana iya nuna masa watanni, amma ba ya nuna mako, mu kuwa mako muke nema. Ya ce ciwon yana da zango-zango. An wuce zangon ƙaiƙayi, an shiga na ruwan ciki. Na gaba shi ne wanda dattin da hanta ta kasa tacewa zai hau kai. Ba ya zuwa da ƙarfi da farko, a hannu yake fara nunawa kafin ya nuna a baki. Mutum zai yi ta hira daidai, amma in ka ce ya zana abu sai ya kasa. In aka kama shi a farkonsa akwai maganin da yake ja da shi baya na wani lokaci, kuma wanda aka kira a lokacin, da yardar Allah, zai zo ya tarar da ita ta san shi.

Ya sa aka shigo da Inna, ya ba ta biro da takarda, ya zana tauraro ya ce ta kwaikwaya. Ta riƙe biron kamar muciya, ta dube shi ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ɗan nan, ni da ban taɓa riƙe wannan abin ba, yau da tsufana za ka sa ni a aji ɗaya?"

Shi ma ya yi dariya. Yana karɓar biron ne idonsa ya kai kan abin da ke cinyarta. Inna ɗinkin hula take yi tun kafin a haife ni, kuma ba ta zama hannu rabbana, ko a layin asibiti allura tana hannunta. A Koki in aka ce hular Inna ce, dillali ba ya ko ɗaga ta ya duba. Likita ya karɓi hular, ya kai ta bakin taga, ya bi layukan da ɗan yatsa. Ya yaba mata, ya ce a kai Inna a auna nauyinta. Tana fita ya ce mini, "Ga tauraronki nan. Wannan ya fi nawa kyau, don kullum ake zana shi. Ki riƙa dubawa. Ranar da kika ga layi ya karkace, ko ta tsallake gida, ko ta sa zare inda ba nasa ba, kada ki kwana. Ki zo in ba ki takarda."

Na fito daga ofishin nan kamar an sauke mini dutse daga ka. An ba ni abin aunawa. Ko a mota muna dawowa sai satar kallon hannunta nake yi ina jin daɗi.

Ban gaya wa kowa ba, kuma ina da dalilina. Inna in ta san ana yi mata maki a kan sana'arta, za ta jefar da allurar ne ta ce ta daina, ko kuma ta kwana kuka a ɓoye. Mutum ɗaya ce ya kamata in gaya wa, ita ce Hajja. Hajja aminiyar Inna ce, gidansu yana jikin namu, kakanninta daga Barno suka zo tun zamanin da ba wanda ya tuna. Ita ma hula take ɗinkawa. Tun rasuwar Babanmu kusan a gidanmu take yini, su shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, kowa da allurarta. Da yake Inna jinin Fulani ce, wasan da ke tsakaninsu ba ya ƙarewa. Hajja ta shigo ta ce, "Ina baiwar tawa, ba a share mini wuri ba?" Inna ta ce, "Ji Babarbariya, wa ya kwance ki da sassafe?" Shekara arba'in suna wannan, ban taɓa jin ɗaya ta gaji ba. Na ƙi gaya mata ne don na ɗauka bakinta ba ya riƙe magana. In faɗi gaskiya kuma, har da raini. Na ga maganar likita ce, ta masu boko, me tsohuwa za ta gane a ciki.

Kullum in an tashi daga makaranta sai in koma gida in sallami yara, bayan la'asar in hau mota zuwa Koki. A jakata akwai rula ta katako. In Inna ta tashi ta zaga yin alwala, sai in ɗauko hular daga cikin kwandonta, in shimfiɗa a cinya, in ɗora rula a kan layin da ta yi ranar. Farar hula ce mai zanen gida-gida, da zare ruwan toka da shuɗi. Ƙarfin Inna ya ragu, don haka layi ɗaya take zagayewa a yini, wani lokacin ma da ƙyar. Kullum layin nan a miƙe yake, ba gidan da aka tsallake. In mayar da ita kwando in ce alhamdu lillahi, yau ma ba yau ba ce.

Haka muka ci wata biyu. Ɗigon likita ya ƙara hawa, ƙafafunta suka kumbura har silifa ta daina shiga. Duk zuwa sai ya tambaye ni hular fa, in ce lafiya ƙalau. Sau ɗaya ma na ɗauko ta a ɓoye na kai masa, ya duba ya gyaɗa kai, ya ce to kan yana nan.

Yanzu in na tuna, abubuwa sun yi ta wucewa ta gabana ina ture su. Sau da yawa ina zuwa in tarar tana barci da rana tsaka, ita da a da take cewa barcin rana na marasa sana'a ne. Wata rana ta tambaye ni jikin maigidana sau uku a zama ɗaya, alhali ba ciwo yake yi ba. Wata rana na ga ta yi sallar la'asar raka'a shida. Da ta sallame na lallaɓa na ɗora rula, layi a miƙe. Sai na ce wa kaina tsufa ne da gajiya, wa ya tsira daga rafkanwa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ni nawa idon ya sani, na ce masa ya yi shiru, katako ya fi shi.

Maigidana ma ya yi mini magana. Ya ce, "Ni fa jikin Inna bai yi mini ba. Ki aika wa yaron nan ya zo."

Na ce, "Kai likita ne?"

Ya ce, "A'a, amma ina da ido."

Na ce masa hutun ɗaya ne, ba zan ƙona shi a kan zato ba, kuma ga rediyo tana cewa an kusa fara dawo da su. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, bai sake tayar da maganar ba.

Ana nan sai aka yi wa Hajja rasuwa a Nguru, wanta ne. Ta shigo da safe ta yi wa Inna sallama, ta ce sai an yi sadakar bakwai za ta dawo. An ce mini ta daɗe a tsaye a bakin rumfa tana kallon kwandon ɗinki kafin ta fita.

Ranar da ta tafi, da la'asar na ɗauko hula. Ban ma buƙaci rula ba. Layin ya taso daidai, ya yi kamar taƙi ɗaya, sai ya bar zanen ya gangara ƙasa ya haye kan na jiya. Shuɗi ya shiga gidan ruwan toka. Likita ya ce kada in kwana, amma ranar Lahadi ce, ba ya zama, sai na ce da asuba. Da safe kafin in tafi asibiti na biya ta Koki. Na tarar da Inna a rumfa tana ɗinki da himma, kanta a sunkuye. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Da ta yunƙura za ta tashi sai hular ta bi ta, tana reto a gwiwarta. Ashe ta haɗa hular da zanin jikinta ta ɗinke su tare, ɗinki kusan ashirin. Ta tsaya tana kallonta, ta ce, "Wa ya manna mini wannan?"

Ban san yadda na samo mota ba. Likita yana ganinta ya ce a ba ta gado, ya sa ta miƙa hannuwa gaba, suka riƙa kaɗawa ba da sonta ba. Nan take ya rubuta mini takarda. Ya sa aka fara ba ta wani magani mai zaƙi mai sa gudawa, wai ta nan dattin yake fita. Amma na ga ransa bai kwanta ba. Ya tambaye ni ko ta yi aman jini, ko zazzaɓi, ko an ba ta wani jiƙo, na ce babu ko ɗaya. Ya ce to abin da mamaki, in ba da irin waɗannan ba, bai cika faɗowa dare ɗaya haka ba. Na bar Inna da matar wana, na kai takarda bariki da kaina. Wanda ya karɓa ya yi mini kirki, ya ce saƙo zai tafi a ranar, amma zuwan mutum sai an sami jirgin da zai taso, kuma wannan ba a hannunsa yake ba.

Da azahar na koma gefen gadonta. An canza mata zani, wancan yana ƙunshe a leda da hular manne a jikinsa. Don in sami abin yi da hannuna, na ari reza na zauna raba su. Dole sai na juya hular baibai kafin in ga zaren da zan yanke, kuma tunda na fara awona ban taɓa juya ta ba.

Inna ba ta ƙulli. In zare ya ƙare mata, sai ta cusa bakinsa a ƙarƙashin ɗinkin baya ya ɓace, ka juya hularta ciki da waje kusan ɗaya ne. Ina yarinya ta sha buge mini hannu a kan wannan, tana cewa ƙulli aikin raggo ne. Hajja kuwa tana ƙullawa, ƙulli biyu a jere, kuma sun yi shekaru Inna tana tsokanarta da shi. Daga ƙasan hular zuwa kusan rabi, cikin a share yake. Daga nan sai ƙulli ya fara, bibbiyu, a kowane layi. A gefensu kuma ga ƙananan hudoji barkatai inda aka warware wani ɗinki aka sake.

Na ƙirga, don ƙirga ce kaɗai abin da na iya. Layi arba'in da ɗaya. Na sake ƙirgawa daga sama, bai canza ba. Kusan mako shida kenan hannun Inna ya karkace, ni kuwa ina ɗora rula a kan aikin Hajja ina hamdala. Da na aika tun layin farko, da Auta ya zo ya zauna da ita ya koma. Na shiga banɗakin asibiti na toshe bakina da mayafi na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu.

Ranar da Hajja ta dawo ban bari ta huta ba, ban ko yi mata gaisuwar rashi yadda ya kamata ba. Na same ta a ɗakinta, na jefa mata hular a cinya a juye.

"Hajja, mene ne wannan?"

Ta duba, ba ta musa ba. "Ni ce."

"Don me?"

"Don me? Ke 'yar nan, mace ta yi shekara hamsin ana kawo hula daga Fagge a ce ta duba, sannan in zauna ina kallo ta yi ɗinkin da ko 'yar koyo ba za ta yi ba? Ranar farko da ta ga layin ya kauce, ta zauna tana kallon hannunta, hawaye yana zuba, ta ce mini shi kenan na mutu. Da ta yi barci na warware na gyara. Ta farka ta duba, ta ce ashe idona ne. Ta yi dariya, ta ci tuwo ranar. To sai in fasa? Rufin asiri na yi mata."

Na ce, da ƙarfi har maƙwabta suna ji, "Kin rufa mata asiri kin hana ta ganin ɗanta! Hular nan ita likita ya ce in riƙa dubawa. Da ita zan san ranar da zan kira Auta."

Na ga fuskarta ta sauya, ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar za ta faɗi daga zaune. Can ta ɗago ta ce, a hankali, "Kin gaya mini?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Kullum ina ganinki kina zaro katako daga jaka, na ɗauka iyayin 'yan boko ne. Ina zaune a gabanki. Ni nake yini da ita, ni na san ranar da ta sa gishiri a koko, ni na san ranar da ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu. Kalma ɗaya za ki ce mini. Kin gaya mini?"

Har yau ba ni da amsar wannan tambayar. Na ɗauki hular na fita. A zaure na jiyo ta tana salati tana kuka.

Maganin ya yi aiki, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Kwana huɗu da fara shi kan Inna ya washe, aka sallame mu muka koma gida. Ta san kowa, ta tsokani Hajja, ta yi mini faɗa a kan na bar yarana ina zarya. Ta tambaye ni, "An aika wa Auta?" Na ce an aika. Ta ce, "Da kin bar shi da aikinsa," amma a ranar ta sa aka wanke mata koren zaninta, ta ce a sayo nama a yi dambu don yana so. Ta sa aka juya mata tabarma ta fuskanci ƙofar zaure. Duk sallamar da aka yi sai ta ɗaga kai.

Ni kuwa kullum ina hanyar bariki. An aika, Malama. An amsa, Malama. An ba shi, jirgi ake jira. Na roƙi likita ya ƙara mata maganin, ya ce ba a yawansa abin yake ba, hantar ce take ƙarewa, kuma kowane dawowa yakan fi na baya gajarta. Na ce ya gaya mini kwana nawa wannan zai yi. Ya ce bai sani ba, kuma a wannan karon na yarda bai sani ba ɗin. Na yi azumi, na yi sadaka, na yi alkawura ga Allah waɗanda har yanzu ina cika su. Kowace safiya in na shigo sai in tsaya a bakin rumfa in ce, "Inna, wace ce?" Ta ce, "Akawu ce, sarkin iyayi." Sai in ji numfashina ya dawo.

Kwana tara ta yi a haka. A na goma na tsaya na ce wace ce, ta dube ni da murmushi irin na baƙunta, ta ce in shigo daga ciki, masu gidan suna nan. Dambun yana cikin kwano a rufe, ba wanda ya taɓa. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Auta ya iso kwana goma sha tara bayan na kai takarda, da azahar, ana yayyafi. Ko gidan wanmu bai biya ba, da kakinsa da jakarsa ya shigo. Ya rame, ya yi baƙi. Na tare shi a zaure ina so in yi masa bayani, amma ya wuce ni. Inna tana zaune an jingina ta da matashi, Hajja tana yi mata fifita. Da ta ga namiji sai ta lalubi mayafi ta ja shi kanta.

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, ni ne. Na zo."

Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan samari. A kawo wa baƙo ruwa mana." Ta ƙura wa kakin ido. "Soja ne kai?"

"Inna, Auta ne."

"Allah sarki, ka san shi? Yarona ne. Yana can wajenku, inda ake yaƙin nan." Ta matso kaɗan, ta rage murya kamar mai gudun kada mu ji. "In ka koma ka ce masa jikin da sauƙi, kada ya tayar da hankalinsa. Amma ka ce in da hali ya leƙo ni, ko na yini ɗaya ne. Su waɗannan ba na so in faɗa musu, sai su ce na cika son kai."

Hajja ta ajiye mafici ta fita. Auta ya juyo ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce, "To, Inna. Zan faɗa masa."

Mako biyun nan a gabanta ya yi su. Shi yake ɗaga ta, shi yake ba ta magani a cokali, ta karɓa ta yi masa godiya ta sa masa albarka, ta ce iyayensa sun yi tarbiyya. Ya cire kakin ya sa tsohuwar rigarsa ta gida ko za ta gane, ya yi mata waƙar da take yi masa yana yaro, ya kawo hotonsa ya riƙe kusa da fuskarsa. Ta karɓi hoton ta shafa, ta nuna masa ta ce ga yaron da take faɗa. Likita ya sake gwada abin da zai iya, kan bai buɗe ba. Na gaya wa Auta maganar hula tun daga farko har ƙarshe, ban rage laifina ba. Na so ya zage ni. Bai zage ni ba, sai ya tambaye ni kwanakin nan tara me da me ta ce, na faɗa masa, ya ce in sake faɗa.

Inna ta rasu kwana goma sha ɗaya bayan komawarsa, kuma ba a sake ba shi wani hutun ba. Ranar da zai tafi ya sa kakinsa da safe, ya ajiye jaka a bakin rumfa, ya durƙusa ya ce mata zai koma. Ta kama hannunsa da nata biyun, ta riƙe, har na ɗauka wani abu ya buɗe, na matso. Ta dube shi sosai.

Ta ce, "Don Allah, ɗan nan, kada ka manta da saƙona. Ka ce masa ina nan ina jira."